Rasuwar Gwaggo a Idu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, tare da miƙa lamari ga Mai kowa Mai komai, ni Abdulmajeed Yamusa, mai zanen gine-gine da ke zaune a Lokogoma, a madadin kaina da maiɗakina Murja da duk waɗanda abin ya shafa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar laftof ɗina, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ne ranar Alhamis da hantsi a unguwar masana'antu ta Idu, a kan teburin taro, a gaban mutanen da na fi kowa son su gan ta da ranta. Ta rasu bayan doguwar jinya da gajeriyar lafiya, kuma gajeriyar lafiyar ce ta tafi da ita.

Ba a san shekarun marigayiyar ba. Tokumbo ce, wato 'yar gwanjon ƙetare, ta shigo ƙasar nan da girmanta, da wasu haruffa masu ɗige-ɗige a kibod ɗinta waɗanda har ta bar duniya ban san amfaninsu ba. Na same ta ne lokacin ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, a sashen da aikinmu shi ne duba zanen da wasu suka yi mu buga hatimi. A shekarun nan Abuja na ta tsirar gine-gine, duk inda ka bar ciyawa bara ka dawo bana sai ka tarar da katanga, kuma duk mai fili yana neman wanda zai zana masa gida. Da ita na fara karɓar ƙananan ayyuka a ranakun hutu. Da ita na gane cewa hannuna bai mutu ba. Ranar da na ajiye aikin gwamnati, ita kaɗai na rungumo na fito da ita daga sakatariya, kuma tun daga ranar ita ce ofishina, ita ce akawuna, ita ce ma'ajiyata.

Murja ce ta raɗa mata suna. Ta ce ba ta taɓa ganin mai tashi daga barci da ƙasaita irin wannan ba sai gwaggonta ta Zariya. Za ka danna maɓalli da safe, ka je ka yi wanka, ka sha shayi, ka dawo ka same ta tana gyara ɗaurin zane. Ba ta son a yi mata gaggawa. In ka matsa mata sai ta yi wannan dogon numfashi nata, fuuuu, wanda duk wanda ya taɓa zama a falonmu ya san shi.

Duk da haka, wanda ya zauna da ita zai yi mata shaidar alheri. Mai haƙuri ce. Ta hau bayan okada ta shiga filayen da mota ba ta isa, ta shaƙi ƙurar siminti, ta sha shayin da bai kamata ta sha ba, ta faɗo daga kan bulo a Kuje ta tashi da tsaga a gefe ba ta ce komai ba. Mai riƙe amana ce. Ta san gidajen manya da aka zana da sunan matansu da na ƙannensu, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ba ta da wariya: ta zana masallaci a Gwagwalada, ta zana zauren coci a Nyanya, duka biyun kyauta, da nishi iri ɗaya. Batirinta ya riga ta gidan gaskiya da daɗewa, amma ba ta yi ƙorafi ba, ta ci gaba da rayuwa a kan caja, in an ɗauke wuta ta kwanta, in an kawo ta tashi.

Ciwon ajalinta ya fara ne da nauyin jiki. In na ja layi ɗaya sai ta tsaya tana nazarinsa. Wani ɗan zobe ya riƙa fitowa a fuskarta yana juyawa, yana juyawa, ni kuwa ina zaune na yi tagumi ina kallonsa. Daga cikinta kuma ana jin wani sauti, kit-kit-kit, kamar ɓera a bayan buhu. Muddin aikin gida ne mai ɗaki uku da falo, muna lallaɓawa. Ina jan layi, in tashi in sha ruwa, in dawo in ja na biyu.

Ana nan sai ga aikin Madam Christina. Madam Christina 'yar Kagoro ce, tana da kamfanin yin katifa a Idu, kuma ta san ni ne ta wurin ƙanwarta da na zana wa gida a Kubwa. Tana son sabon sito babba, da wurin da tireloli za su shiga su yi lodi, da ofisoshi a sama. Abokan kasuwancinta biyu sun fi son a ba wani babban kamfani mai ofis a Maitama, amma ta kafe a kan sai an ga nawa tukuna. Tun da na bar gwamnati ban taɓa samun aiki mai girman wannan ba, kuma na san in na same shi na zama mutum a garin nan, in ya kuɓuce kuma ba lallai irinsa ya sake biyowa ta ƙofata ba. Zanen farko da na kai ta ce bai yi ba, ƙofar lodi ta matse. Na dawo na sake shi daga tushe. Sai ta ce mutanen nata ba su iya karanta layuka a takarda ba, suna so su ga ginin a tsaye, da fenti da tagogi, a juya musu shi gaba da baya. Aka sa mana ranar Alhamis.

A nan Gwaggo ta durƙushe. In na ce ta tsayar da ginin sai fuskarta ta yi fari fat, ta rubuta cewa ba ta amsawa. Ranar taro na matsowa, ni kuwa rabin yinina yana tafiya a kallon zobe.

Ina shaida wa jama'a cewa ba a bar ta babu magani ba. Na fara da rage mata kaya. Na share wasannin da ke cikinta, na share finafinan da Murja ta ajiye, abin da ya jawo mana kwana biyu na gaisuwa a taƙaice. Hotunan bikinmu na kwashe su zuwa filash. Na hana duk manhajojin da ke farkawa tare da ita farkawa. Na sa mata maganin bairos, da na ga bai yi ba na ƙara na biyu, sai magungunan suka kama faɗa da juna a cikinta, kowanne yana cewa ɗayan ne cutar. Na sauko da wata manhaja daga intanet da ta yi alkawarin mayar da tsohuwa yarinya. Wannan ta shigo da baƙinta, suka cika gidan, kowane lokaci ana sanar da ni na ci kyautar mota. Kwana guda na yi ina korar su. Da na lura tana zafi sai na ɗora ta a kan kwalin ƙwai don iska ta ratsa ta ƙasa, na juya mata fankar falo ita kaɗai, mu muna zufa. Murja, Allah Ya saka mata, ta jera ƙanƙarar fiya wata a tire ta sa a ƙarƙashin kwalin. Gwaggo ta karɓi duk wannan hidima da godiya, amma ba ta ƙara sauri ba.

Maƙwabcina Simon makanike ne a Apo, mutumin kirki, shi ke duba min mota ba ya karɓar komai. Ya shigo ya same ni na dafe kai, ya kasa kunne ya saurari numfashin Gwaggo, ya ce ai wannan ba wani abu ba ne, duk injin da ke irin wannan nishi iska ce ba ta isar sa. Ya ce in kawo ta garejinsu a hura mata.

Na kai ta. Duk wanda ya san Apo ya san ba wurin marar lafiya ba ne: ƙasa baƙa ƙirin da baƙin mai, injuna a zube, guduma na tashi ta ko'ina. Simon ya shimfiɗa tsumma mai ɗan dama a kan bonet, ya kwantar da ita, ya jawo tiyon injin iskar da suke hura taya da shi, ya saita a ramukan gefenta. Ƙurar da ta fito sai da masu shan shayi a gefe suka matsa. Na ga simintin Kuje ya fita, na ga jar ƙasar Kubwa. Fankar cikinta ta yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, wiiiii, tana hawa tana hawa, sai kuma ƙas. Simon ya ce datti ne ya fita.

Da muka dawo gida na kunna ta, shiru. Babu fuuuu. A karon farko tun da na san ta, Gwaggo tana aiki ba nishi. Na je har ƙofar Simon na yi masa godiya, Murja ta aika musu da dambun nama. Ba wanda ya kawo a ransa cewa wanda ya daina nishi wataƙila numfashin ne ya daina.

Shirun ya zo, saurin bai zo ba. Ranar Litinin na ɗauke ta zuwa Wuse wurin Elvis, mai gyaran kwamfuta a hawa na biyu na wata filaza. Elvis ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce ciwo biyu ne. Na farko ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, ya yi mata kaɗan. Na biyu faifan ajiyarta tsohon yayi ne mai juyawa, shi ne mai kit-kit ɗin, kuma shi ke riƙe mata ƙafa. Ya ce in an ƙara ram aka sa sabon faifai irin wanda ba ya juyawa, zan rantse sabuwa na saya. Abin da ke hannuna bai kai ba, sai ya ce zai karɓi tsohon faifan a matsayin ciko, tun da komai zai kwafe min zuwa sabon. Na yarda. Ya buɗe 'yar ƙofar da ke cikinta ta ƙasa, ya cire ya sa, bai kai ga inda fanka take ba, ni ma ban ce ya duba ba tun da ba ta kuka. Ina kallo ya jefa tsohon faifan a durowa.

Ya danna maɓalli. Kafin in gama bisimilla Gwaggo ta buɗe ido.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta kwanakin da suka biyo baya ba. In na ja layi, layi ya jawu. Na ce ta tsayar da sito, ta tsayar da shi, da rufinsa shuɗi da ƙofofin lodi a jere da inuwar tirela a ƙasa. Na sa yatsa na juya shi ya juyu kamar faranti. Na kira Murja daga kicin ta zo da ludayi a hannu ta tsaya tana kallo, ta ce ashe haka abin yake a kaina duk watannin nan. Aikin da ya gagare ni wata da watanni na kammala shi kafin ranar Laraba ta faɗi. Na lura gefen hagunta yana ƙona min tafin hannu, amma na ɗauka zafin nama ne. Na yi ƙoƙarin tura aikin zuwa imel ɗina don ajiya, ya yi nauyi, netwok ɗin Lokogoma ya ja shi ya kai rabi ya sake. Filash kuwa hotunan biki sun cika shi. Na ce ba komai, in an dawo daga Idu a yi a nutse.

Ranar Alhamis na sa farar shaddata. A ɗakin taron kamfanin akwai Madam Christina da abokan nata biyu, wani Alhaji mai yawan duba waya da wani mai tabarau wanda bai amsa gaisuwata da baki ba. Na jona caja a bango, na jona Gwaggo da na'urar haska hoto. Ta tashi nan take, har mai tabarau ya ɗaga gira. Gaban sito ya bayyana a bango, babba, fes. Alhaji ya kife wayarsa. Madam ta dube su ɗaya bayan ɗaya tana murmushi, irin na wadda ta gama magana.

Na ce bari in juya musu su ga inda tireloli za su shiga. Ginin ya fara juyawa. Kusurwar farko ta wuce, ƙofar lodi ta fara leƙowa, sai aka ɗauke wuta. Gwaggo, da ba ta da batir, ta kwanta kamar yadda ta saba. Ban tsorata ba, na ce musu yanzu za ta tashi. A waje babban janareton kamfanin ya yi gurnani ya kama, fitilu suka dawo da wani haske mai ƙarfi, sai na ji sautinta na ƙarshe. Ba shi da tsawo. Fat.

Wani siririn hayaƙi ya fito ta ramukan da Simon ya hura, da warin ƙonanniyar roba. Na danna maɓalli. Na sake dannawa na riƙe. Na cire caja na mayar. Na ɗaga ta na hura mata iska da bakina. An ce har sunanta na kira, a gaban mutane, da farar shadda, ni dai ban tuna ba. Mai tabarau ya tambaya cikin sanyin murya ko akwai kwafi a wani wuri, na ce babu. Alhaji ya ɗauki wayarsa.

Madam Christina ta fito da ni baranda, inda ƙarar injin yanka soso ke rufe magana. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Oga Akitek, ni ne na tsaya maka a gaban mutanen nan," in ji ta. "Na ce musu yaron nan ya iya aiki. Abin da na gani a bango ya yi kyau, amma rabin gini ba gini ba ne. Ka kawo shi Litinin da safe. In Litinin ya wuce, bakina ya ƙare."

Daga Idu na wuce Wuse da gawar a kujerar gaba. Elvis ya kwance ta gaba ɗaya a wannan karon. Da ya ɗaga murfin sai ga fukafukan fankar a zube a ciki kamar ƙayar kifi. Ya ce tun ranar da aka hura ta take aiki babu iska, sabon ƙarfin da aka ba ta ya ƙara dafa ta, wutar janareto ta zo ta same ta a gajiye ta ƙarasa. Bod ɗin, wato allon da komai nata ke kansa, ya ƙone. Na ce to sabon faifan fa, a ciro min aikina. Ya jona shi a wata kwamfutar, ya jona a wata, ya shinshina shi, ya ajiye a hankali. Shi ma ya bi ta.

Ya tambayi wanda ya taɓa fankar, na kira Simon a waya, suka shiga musu, wannan na cewa an kai kwamfuta gareji kamar tayar tirela, wancan na cewa wane irin likita ne zai yi tiyata bai duba numfashi ba. Ina tsaye a tsakaninsu riƙe da waya sai na tuna da durowa. Na ce Elvis ya bar musun ya ba ni tsohon faifaina, komai yana ciki in ban da aikin kwana biyun ƙarshe. Ya jawo durowar, ya tura hannu, ya tsaya. Ya ce jiya ya sayar da shi. Wata mata ce daga Uke, mai shagon buga takardu, takan zo sayen kayan gyara. Ba shi da lambarta. Sunanta dai Lucia.

Juma'a da sassafe na kama hanyar Keffi. Cunkoson Nyanya da Mararraba ya riƙe ni har rana ta ɗaga, ina zaune a mota ina roƙon Allah Ya sa matar nan ba ta da gaggawa, Ya sa irin Gwaggo ce. A Uke na bi bakin titi ina tambaya, daga masu gasa kifi zuwa masu faci, har wata mai sayar da doya ta nuna min wani shago mai koren ƙyaure kusa da makarantar firamare.

Lucia mace ce mai fara'a, da goyo a bayanta. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba, na ga fuskarta tana sauyawa tun kafin in kai ƙarshe. Ta ce faifan yana cikin kwamfutar da ke gabanta. Nata ne ya mutu ana tsakiyar buga jarabawar makarantu, shi ya sa ta je Abuja da kanta, kuma da ta dawo aka wanke shi tas aka zuba kayanta. Ta tashi ta ba ni kujerarta ta ce in duba da kaina. Na rubuta sunan sito, babu. Na rubuta Christina, babu. Na rubuta Kubwa, Kuje, Gwagwalada, na rubuta sunana. Abin da ke ciki tambayoyin lissafi ne na 'yan aji huɗu, da katin biki, da tsarin taron godiya na wata coci. Na kira Elvis ko akwai dabarar dawo da abin da aka wanke, ya ce da ba a zuba sabon kaya a kai ba ne, da an gwada.

Na zauna hannuna a kan gwiwa. Lucia ta kawo min ruwa, ta yi ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifin. Shagon ya yi tsit, sai na ji shi daga ƙarƙashin tebur, daga cikin baƙin akwatin kwamfutar wata: kit-kit-kit. Muryar da na yi shekaru ina tsine wa. Tana nan yadda take, ba ta san ni ba. Na zauna ina saurare har wani malami ya shigo karɓar takardunsa, na tashi na ba shi wuri.

Da na dawo gida na faɗa wa Murja yadda aka yi. Ta zuba min abinci, ta ɗauki wayarta ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja ɗaya mai naɗe da baƙin salatif, wanda har yanzu bai san abin da ya faru ba, in an jona shi yana kunna 'yar fitilarsa yana jira. Ta bar maus, ta bar jaka mai mataccen zif. Ta bar filash ɗauke da hotunan biki da zanen farko, wanda Madam ta riga ta ce bai yi ba. Ta bar masu gidaje da dama waɗanda ba su san zanen gidajensu ya bar duniya ba, kuma ina roƙon wanda ya karanta wannan sanarwa kada ya yi saurin gaya musu. Ta bar Murja, wadda albashinta na wata hukumar lafiya ke riƙe da gidan nan tun ranar da na ce mata ta ba ni shekara ɗaya kacal, kuma ba ta taɓa tuna min cewa shekarar ta wuce ba. Ta bar ni, da awon sito a kaina, da kwali shimfiɗe a teburin cin abinci, ina jan layi da fensir kamar ɗalibi, alhali na san mutanen Idu ba layi suke son gani ba.

Cikin dangi na nesa akwai Yaya Saleh, wan Murja, mataimakin darakta a wata ma'aikata. Shi ya yi min hanyar aikin gwamnatin da na ajiye. Ranar da ya ji labarin na bar aikin ya ce mutum mai hankali ba ya barin ofis mai sanyi ya bi akwatin roba, ya ce kuma zan dawo in same shi. Tun daga lokacin gaisuwarmu ta bakin Murja take bi. Yaya Saleh yana da laftof sabuwa dal, mai ƙarfin da za ta tsayar da sito goma, wadda yake karanta jarida da ita. Shi Murja ta kira da ta rufe ƙofa. Ya amince zai ba da aro zuwa Litinin. Ya ce ba zai aiko direba ba, da kansa zai kawo, don yana da 'yar magana da yake so mu yi. Ya ce kuma ba zai samu zuwa ba sai bayan la'asar ɗin Asabar, yana da ɗaurin aure.

Game da jana'iza, na tuntuɓi limamin unguwarmu, ya ce ba a yi wa na'ura salla, ba a roƙa mata gafara, sai dai a roƙa wa mai ita haƙuri, ya kuma roƙa min nan take. Gawar tana wurin Elvis. Iyali sun amince a ba da gilashin fuskarta da ram ɗinta ga mabukata. Abin da ya rage za a naɗe shi a tsohon ɗankwali a sa a kwali a ɗora a kan wadirof. Baban bolan da ya riga ya zo tambaya tun jiya, ana ba shi haƙuri, ba za a ba shi ba.

Za a yi zaman karɓar gaisuwa yau Asabar a gidana da ke Lokogoma, layin da ke bayan gidan ruwa. Ba a buƙatar abinci, teburin ma ba wuri. Wanda ya iya zanen gini ya zo da hannunsa da shirin kwana. Wanda zai tambaye ni me ya sa ban ajiye kwafi ba, ya yi gaisuwarsa daga gida, ta iso. Simon yana cikin masu karɓar gaisuwa, an roƙe shi ya zo hannu sake. Addu'ar uku an ɗage ta zuwa ranar Litinin da safe a Idu, inda za a san ko marigayiyar ita kaɗai ta tafi ko da mai ita.

Yaya Saleh zai iso bayan la'asar. Ina roƙon jama'a, don girman Allah, a zo tun azahar, a cika falon, a zauna har kan hannun kujera, kada kowa ya tashi sai ya ajiye jakar ya shiga motarsa. Kada ya same ni ni kaɗai.

Sanarwa daga Abdulmajeed Yamusa, a madadin iyalan marigayiya.